HENRY VENN (1796–1873): MAGATAKARDAN DA YA RENI SHUGABANNI

A filinmu na tarihin bayin Allah na wannan fitowa, za mu duba rayuwar wani mutum wanda bai taɓa taka ƙasar Afirka ba, bai kuma taɓa ganin kogin Kwara da idonsa ba, amma da wuya a ba da tarihin ekklesiya a Nijeriya ba a ambaci sunansa ba. Sunansa Henry Venn. Shekara 31 ya yi yana magatakardan ƙungiyar mishan ta Angilikan wadda aka fi sani da C.M.S., yana zaune a ofishinta a birnin Landan. Aikinsa shi ne zaɓen ma'aikata, da horar da su, da aika su, da bin sawunsu da wasiƙu. A yau kamfanoni da ma'aikatu suna da sashe na musamman domin kula da ma'aikata, suna kuma biyan kuɗi masu yawa domin a horar musu da shugabanni. Venn ya yi wannan aiki tun ba a raɗa masa suna ba. Tambayar da ta dame shi kuwa har yanzu tana gaban kowace majalisar dattawa da kowane maigida: ran da mai riƙe da aiki ya kau, wa aka shirya ya ɗauka?

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Henry Venn ranar 10 ga Fabrairu, 1796, a Clapham, wani ƙauye a lokacin a gefen Landan. Kakansa, wanda aka sa masa sunansa, sanannen mai wa'azi ne. Mahaifinsa, John Venn, shi ne limamin ekklesiyar Clapham, yana kuma cikin waɗanda suka kafa C.M.S. a shekarar 1799. A cikin masu sujada a wannan ekklesiya akwai William Wilberforce da abokansa, waɗanda suka yi ta fama a majalisar dokokin Ingila har aka hana cinikin bayi a shekarar 1807. Saboda haka yaron ya tashi a gidan da zancen bishara da zancen 'yantar da bayi suke tafiya tare. A nan Clapham kuma aka buɗe wata makaranta domin waɗansu yara da aka kawo daga Saliyo su yi karatu, Henry kuwa ya san su tun yana ƙarami. 

Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara bakwai, mahaifinsa kuma ya rasu a 1813, yana da shekara 17. Duk da maraici ya shiga jami'ar Kambirij, ya gama a 1818 da sakamako mai kyau a fannin lissafi. A 1819 aka naɗa shi dikon, daga baya aka keɓe shi limami. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya yi hidima a wata ekklesiya a tsakiyar Landan, inda ya fara halartar zaman kwamitin C.M.S., sa'an nan a 1827 ya koma Drypool a garin Hull. A can ya auri Martha Sykes a 1829. A 1834 ya dawo Landan ya riƙe ekklesiyar Holloway. A wannan shekara ce aka haifi ɗansa John, wanda ya zama masanin lissafi. 'Ya'yanmu na sakandare sun san shi ko da ba su san labarinsa ba, gama shi ne mai zanen nan na da'irori masu shiga juna da ake kira da sunan Venn.

Ubangiji bai raba shi da gwaji ba. Ciwon zuciya ya kwantar da shi na tsawon lokaci, a 1840 kuma matarsa ta rasu ta bar shi da ƙananan yara. Shekara guda bayan haka, a 1841, aka roƙe shi ya zama magatakardan C.M.S. Ya karɓa ba tare da albashi ba, ya haɗa da aikin ekklesiyarsa na waɗansu shekaru kafin ya ajiye ta ya ba da kansa ɗungum ga ƙungiyar.

Darussa biyu na shekarar 1841

Abubuwa biyu suka tarye shi a bakin ƙofa. Na fari, ƙungiyar tana cikin bashi mai nauyi, domin aiki ya faɗaɗa fiye da abin da ke shiga asusu. Duk malamin makaranta da mai bishara a Indiya da Saliyo da sauran wurare daga Landan ake biyansa. Venn, da yake mutumin lissafi ne, ya ga cewa muddin kowace sabuwar ekklesiya ta zama ƙarin nauyi a kan asusu ɗaya, to ci gaban aikin da kansa ne zai durƙusar da shi.

Na biyu, a wannan shekara gwamnatin Ingila ta aika jiragen ruwa uku su hau kogin Kwara, da nufin ƙulla yarjejeniya da sarakuna a kan barin cinikin bayi. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, tafiyar ta watse. C.M.S. ta sa mutum biyu a cikin ayarin. Ɗaya Bajamushe ne, James Frederick Schön, wanda ya koyi Hausa a bakin 'yantattun bayi a Saliyo, daga baya ya rubuta nahawu da ƙamus na Hausa. Ɗayan kuwa malamin makaranta ne Bayarabe, Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama shi bawa yana yaro, jirgin sojan ruwan Ingila ya ƙwato shi a teku a 1822. Schön ya dawo da shawara cewa in ana so bishara ta shiga cikin ƙasar, sai ta hannun 'yan Afirka. Da ɗan gari akan ci gari. Aka kira Crowther zuwa Landan ya yi karatu, aka keɓe shi limami a 1843.

Ana kuma ba da labarin wani attajiri ɗan Saliyo wanda ya ziyarci Venn bayan ya yi yawon buɗe ido a Turai da iyalinsa. Venn ya tambaye shi dalilin da ya sa masu dukiya irinsa ba sa ɗaukar nauyin fastocinsu. Mutumin ya amsa masa cewa muddin ana riƙe su kamar yara, halin yara za su yi, amma in aka ɗauke su manya aka danƙa musu ragamar ekklesiyarsu, za a ga abin da za su iya. Wannan amsa ta zauna a zuciyar Venn.

Tsarin da ya shimfiɗa

A cikin takardu uku da ya rubuta a 1851 da 1861 da 1866, Venn ya bayyana inda ya kamata aikin mishan ya nufa. Burin shi ne ekklesiya ta 'yan ƙasa wadda take ɗaukar nauyin kanta, take mulkin kanta, take kuma yaɗa bishara da kanta. A Amurka wani magatakardan mishan mai suna Rufus Anderson ya kai ga irin wannan ra'ayi a wannan zamani. Venn ya kwatanta mishan da katakan da magina ke kafawa su taka yayin gini. In gini ya tsaya da ƙafarsa sai a kwance katakan a kai su inda ake sabon gini. Wanda ya bar su a jikin bango bayan an gama aiki ya ɓata ginin.

Ya rarrabe aikin ɗan mishan da na fasto. Ɗan mishan mai kai bishara ne inda ba ta kai ba, fasto kuwa makiyayin waɗanda suka riga suka ba da gaskiya. Ya lura cewa in Bature ɗan mishan ya zauna ya zama faston tubabbunsa, abu biyu ke faruwa: shi ya daina zuwa sababbin wurare, su kuma sun daina girma, gama komai shi ake jira. Domin haka ya tsara matakai. Sababbin masu bi za a haɗa su ƙungiya ƙungiya, kowace da dattijo daga cikinsu wanda ba a biyansa, su riƙa taruwa kowane mako domin addu'a da ƙarfafa juna, kowa ya kawo baikonsa ko da ɗan hatsi ne. Ƙungiyoyi da dama su zama taron sujada ɗaya a ƙarƙashin malami ɗan ƙasa, wanda za a biya daga asusun ekklesiyar. In taron ya yi ƙarfi a keɓe masa fasto, fastoci da wakilan jama'a su riƙa zama majalisa, daga bisani a kai ga bishop ɗan ƙasa. Ta haka mutum yana koyon shugabanci ta wurin riƙe ƙaramin abu kafin a ba shi babba. A 1861 aka fara gwada tsarin a Saliyo, aka danƙa ekklesiyoyi tara a hannun fastoci 'yan ƙasa.

Yadda yake renon mutane

Venn bai tsaya ga rubuta tsari ba. A zamaninsa C.M.S. ta aika limamai kusan 500 zuwa ƙasashen waje, dukansu kuwa sun bi ta hannunsa. Yakan zauna da mutum kafin ya tashi, a karanta masa umarni a rubuce a gaban kwamiti, sa'an nan wasiƙu su bi shi. Akwai wasiƙunsa na aiki wajen 6,000 a ma'ajiyar ƙungiyar. A cikinsu yana ba da shawara, yana tsautawa, yana sulhunta ma'aikatan da suka saɓa, yana ta'azantar da wanda ya binne mata ko ɗa a baƙuwar ƙasa. Ya riƙa gargaɗin masu tafiya su koyi harshen mutane, su nazarci halinsu da al'adunsu, su girmama abin da bai saɓa wa bishara ba, kada su ɗauka cewa zama Kirista shi ne zama Bature.

Ya kuma gane cewa ekklesiyar matalauta marasa sana'a ba za ta iya biyan fastonta ba. Saboda haka ya haɗa kai da wani ɗan kasuwar Mancesta mai suna Thomas Clegg domin a ƙarfafa noman auduga da cinikinta a Abekuta, aka kai samari Ingila su koyi gyaran auduga da sha'anin ciniki. Waɗansu suka koyi tuƙin jirgin ruwa, waɗansu aikin likita. A cikin ɗaliban kwalejin Fourah Bay da aka zaɓa domin likitanci akwai Africanus Horton, wanda ya gama a Edinburgh a 1859. A wannan shekara kuma T. B. Macaulay, surukin Crowther, ya buɗe makarantar sakandare ta C.M.S. a Legas. Venn yana so ekklesiya ta sami membobi masu ilimi da abin hannu, waɗanda za su iya zama a majalisa su yi magana a saurare su.

Crowther, babban gwajin tsarin

Ba wanda Venn ya rena kamar Crowther. Shekara da shekaru suna musayar wasiƙu. A 1851 ya gayyace shi Ingila ya yi wa manyan gwamnati bayani a kan ƙasar Yarabawa da cinikin bayi, har ya gana da Sarauniya Victoria. A 1857 aka ba shi jagorancin sabon aikin mishan na kogin Kwara, wanda ma'aikatansa 'yan Afirka ne. Aka kafa tasha a Anacha da kuma Gbebe, kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai, inda aka yi baftisma a 1862. Daga baya aikin ya kai Lakwaja da Bonny da Brass. Crowther ya ƙulla zumunci da Etsu Masaba na Bida, ya kuma san yadda ake magana da Musulmi cikin ladabi da sanin Littafi.

Da Venn ya kawo shawarar a naɗa shi bishop, sai waɗansu Turawan mishan a ƙasar Yarabawa suka tayar da ƙura, Henry Townsend na Abekuta yana kan gaba. Hujjarsu ita ce, wai mutanen ƙasar ba za su girmama baƙar fata a wannan matsayi ba. Shi kansa Crowther ya yi ta nonnoƙewa, yana ganin bai isa ba. Venn ya nace har ya amince. Ranar 29 ga Yuni, 1864, aka keɓe shi a babbar majami'ar Canterbury, ya zama baƙar fata na farko da ya hau kujerar bishop a ɗariƙar Angilikan. Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Yaron da aka taɓa sayarwa a kasuwa ya zama makiyayin ƙasa mai faɗi.

Inda ginin ya tsage

Gaskiya ta wajabta mu faɗi inda Venn ya gaza. Domin a kwantar da hankalin masu hamayya, aka tsara yankin Crowther yadda Turawan mishan na ƙasar Yarabawa ba su shiga ƙarƙashinsa ba. An ba shi sarauta, an kuma nuna wa kowa cewa akwai waɗanda sarautar ba ta hau kansu ba. Kuɗin da ake ba aikin Kwara kaɗan ne. Ma'aikatansa yawancinsu daga Saliyo suke, baƙi ne su ma a bakin kogin, horonsu bai yi zurfi ba, albashinsu bai taka kara ya karya ba, har waɗansu suka shiga ciniki domin su ci da iyali. Bishop ɗin ba shi da jirgi na kansa, sai ya jira jiragen 'yan kasuwa kafin ya zaga tasoshinsa, saboda haka ma'aikaci yakan yi watanni ba wanda ya duba aikinsa. Sai a 1878 aikin ya sami jirgi, aka sa masa suna Henry Venn, amma mai sunan ya riga ya kwanta dama.

Ƙarfin Venn ya ƙare a hankali. Ya ajiye aiki a ƙarshen 1872, ya huta ranar 13 ga Janairu, 1873, aka binne shi a Mortlake. Bayansa iska ta juya. Turawa suka shiga rabon Afirka, maganin kwinin ya rage musu mutuwa, ra'ayin fifikon farar fata ya yi ƙarfi har cikin ekklesiya. A 1890 waɗansu samari 'yan mishan suka iso, a cikinsu akwai Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, da burin su kai bishara ƙasar Hausa daga Lakwaja. Masu himma ne da sadaukar da kai, amma sun iso da hukunci a baki. Waɗansu laifofin da suka gani a cikin ma'aikata gaskiya ne. Sai dai maimakon su taimaki dattijon ya gyara, suka ture shi gefe. A wani zama da aka yi a Anacha a watan Agusta na 1890, aka dakatar da fastoci a gaban idonsa ba da yardarsa ba, har da ɗansa Dandeson wanda yake babban dikon. Crowther, yana da shekara fiye da 80, ya sauka daga kwamitin. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891. Robinson ya mutu a 1891, Brooke a 1892, ba su kai Kano ba.

Bature aka naɗa a gurbin Crowther. 'Yan Afirka irin su Isaac Oluwole da James Johnson mataimaka kawai aka yi su. Sai a 1952, bayan shekara 60, ɗan ƙasa ya sake riƙe dayosis na kansa a Nijeriya, ekklesiyar Angilikan ta ƙasar kuwa ta sami cikakken 'yancinta a 1979. Venn ya reni Crowther, amma bai bar isassun mutane a ofishin Landan masu riƙe da ra'ayinsa da irin ƙarfinsa ba. Kariyar bishop ɗin ta rataya a kan mutum ɗaya, da mutumin ya mutu sai ta faɗi.

Duk da haka irin da ya shuka bai ruɓe ba. Ƙa'idodin nan uku nasa sun zama ma'auni ga ƙungiyoyin mishan da suka zo daga baya, har da waɗanda suka yi aiki a arewa da tsakiyar Nijeriya. Duk ekklesiyar da a yau take zaɓen shugabanninta, take biyan fastocinta daga baikon membobinta, take kuma aika nata masu bishara, tana tafiya a kan hanyar da wannan magatakarda ya share.

Abin koyi a gare mu

'Yan'uwa, wannan ba sabuwar koyarwa ba ce. A Fitowa sura 18 Yetro ya ga Musa yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya shawarce shi ya zaɓi amintattu masu tsoron Allah ya raba musu nauyin. A 2 Timoti 2:2 Manzo Bulus ya umarci Timoti ya danƙa abin da ya koya ga mutane masu aminci waɗanda za su iya koya wa waɗansu. Ubangijinmu Yesu da kansa ya ba da mafi yawan lokacinsa ga mutum 12, ya aike su biyu biyu tun yana tare da su, suka dawo suka ba shi rahoto.

Rayuwar Venn ta ƙara mana haske a kan yadda ake yin wannan. Mutum yana girma ne in an ba shi aiki na gaske da zai iya yin kuskure a ciki, tare da wani babba a kusa mai gyara masa cikin ƙauna. Wanda aka ba matsayi kuma, a ba shi kayan aiki da iko daidai da matsayin, a tsaya a bayansa a gaban jama'a. Mai bisharar da aka tura ƙauye aka manta da shi wata shida, ba ziyara ba albashi, in ya faɗi cikin jaraba, majalisar da ta tura shi tana da rabonta na alhaki. Haka nan kyakkyawan tsari kada ya zauna a kan mutum ɗaya. A rubuta shi, a koya wa masu tasowa, domin kada wanda ya gaji kujera ya rushe a shekara ɗaya abin da aka gina a shekara 30.

Maganar ta shafi gida kamar yadda ta shafi majami'a. Uban da ya riƙe gona ko shago shi kaɗai, bai taɓa nuna wa matarsa ko 'ya'yansa takardun fili da lissafin bashi ba, ya bar musu rigima gado. Uwar da ba ta barin 'yarta ta riƙe cefane ko ta jagoranci addu'ar iyali domin tsoron za ta ɓata, ita ma tana jinkirta girman yarinyar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shugaban zumuntar mata, da na matasa, da na mawaƙa, da ma'aji, da fasto, da mai kamfani, kowa ya tambayi kansa sunan wanda yake renowa, da abin da ya riga ya sakar masa a hannu a wannan shekara. In ba suna, to lokacin farawa ya yi.

Ubangiji ya ba mu tawali'un da za mu reni waɗanda za su fi mu, ya kuma ba mu alherin sauka da murna sa'ad da lokaci ya yi. Amin.